Taku Ɗaya Bayan Ja

A ɗakin ƙasa na makarantar fasaha a Gyumri,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari tun Nuwamba,
Vahram ya danna makunni, ya ce, "Leza ta kama."
Na duba: bango, tebur, kofin shayinsa.
Ban ga komai ba.

"Tsovinar, bakan gizo ba a ja ya ƙare ba,
idonki ne ya ƙare a nan.
Taku ɗaya bayan ja akwai wani haske,
ba ya sallama,
ba ya ko sa ido ƙiftawa."

Na'urar ganinsa tana cikin kundin 'yan kasuwa,
shafi na arba'in, hoto sai sheƙi,
kuɗinta albashinsa na wata biyar.
Ya lashi yatsa, ya wuce shafin.

Daga aljihun kwat ya zaro rimot ɗin talabijin,
wanda matarsa ke nema tun jiya.
"Buɗe kyamarar wayarki, ta gaba, mai ɗaukar fuska."
Ya danna. A hannunsa shiru,
a fuskar waya kuwa wani ɗigo
yana bugawa kamar zuciyar tsuntsu,
shuɗi-shuɗi, ja-ja, launin da ba nasa ba,
aro ne waya ta ba shi don in gane shi.

Ran Asabar muka bi layin 'yan gwangwan,
muka sayi tsohuwar kyamarar kwamfuta
a kuɗin burodi uku.
Ya kwance ta da sukudireba, ya sa tsinken allura
ya ɓamɓare wani ɗan gilashi, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.
"Wannan ne mai gadi, shi ke korar baƙon."
A gurbinsa ya liƙa guntun fim,
baƙin wutsiyar nan da haske ya ƙone,
daga naɗin hotunan ɗaurin aurensa.
Na ce, "Ba ka tsoron Hasmik?"
Ya ce, "Ba ta a wannan gefen. Nan duhu ne kawai."
Duhun ya tare hasken fitila,
ya bar wancan ya shige.

Sai ga shi a allon kwamfuta:
farin tabo a kan takarda, can ƙarshen tebur,
kamu guda hagu da inda muka rantse yana sauka.
Sati biyu muna gyara madubi a kan ƙarya.

Akwai kati kuma, mai araha, ya zo a ambulan,
a shanya shi a fitila ya sha ya ƙoshi,
a tara shi a hanya, ya tofo ɗigon garwashi.
In ya gaji ya dushe, a gusa shi gefe.
Da ya ɓata, muka yanki salatif mai haske cikin dare,
irin na matakalar gudun gobara.
Shi nasa a juye yake:
inda leza ta taɓa ya ɗan tashi, sannan ya mutu,
baƙin tabo cikin kore,
sawun wanda ya wuce ba a gan shi ba.

Na fara murna, na ce komai ashe da dabara.
Ya miƙo mini tabarau, sabo fil, da lamba a gefe.
"Wannan ban yi ciniki ba."

Ya rufe idon dama da tafin hannu,
ya dube ni da na hagu.
"Yanzu ina ganin gashinki, ina ganin ƙofa,
hancinki da bakinki babu.
Shekara talatin da ɗaya.
Agogon hannuna ne ya maido mini da shi,
ban ji zafi ba, ɗan ƙas kawai na ji."

Ido, wa ka raina?
Da na ce wanda kake gani kullum.

Na tuɓe zobena, na sa a kofin da ba shayi,
na ɗaura tabarau, na karkata kyamara ga takarda.
Waje dusar ƙanƙara ta fara.
Ya ce, "Kashe fitila."